Igiyar Kaya da Igiyar Mutum

Mu a gidanmu hawan itace muka gada. Ba sana'a ba ce da ake yi wa kirari, amma a ƙauyukan da ke tsakanin Safana da Batsari, in reshe ya sunkuyo kan ɗakin wani, ko Fulani suna son a saro wa shanunsu ganyen gawo da bazara, ko mai zuma yana son a ɗora masa amya can sama, ƙofar gidanmu ake zuwa a yi sallama. Mahaifinmu ya yi wannan aiki har kansa ya yi fari fat, kuma bai taɓa faɗowa ba. Da ya rasu sai hawa ya koma hannun yayana, ni kuma na zama mai riƙe masa igiya daga ƙasa. A lokacin ina da mata har da 'ya ɗaya, don haka kada wani ya ce ƙuruciya ce ta sa na yi abin da zan faɗa. Da hankalina na yi shi.

Ƙa'ida ɗaya tsohonmu ya bar mana, kuma ba ta da wuya. Mai hawa ba ya zaɓen igiya, na ƙasa ne ke zaɓa. Kafin a miƙa ta, sai wanda ya zaɓa ya jefa ta kan wani reshe ya rataya da ita, ya naɗe ƙafafunsa har ba abin da ke taɓa ƙasa, sannan ya girgiza jikinsa da ƙarfi sau uku. In ta ɗauke shi sai ya ce wa mai hawa, "Na gwada." Daga nan mai hawa ba ya sake dubawa. Dalilin tsohon shi ne, wanda ke sama yana da abin tunani da yawa, ga gatari, ga iska, ga rina, ga inda reshe zai faɗi. Bai kamata a ƙara masa da tunanin igiya ba.

Wurin mutum ɗaya muke samun igiya tun zamanin mahaifinmu, wani makaho da ke zama a gindin tsamiya a kasuwar Batsari. Da ɓawon kuka yake tufka. Matarsa ce ke kawo shi da safe ta shimfiɗa masa buzu, ta jera masa kayansa, ta koma gefe tana sayar da daddawa. Igiya iri biyu yake yi. Akwai wadda yake kira igiyar kaya, ta guga da ta ɗaure jaki da ta ɗaurin dami, wadda yake haɗawa da guntayen zare, ita ce yake tarawa a gabansa kowa ya zo ya zaɓa. Sannan akwai igiyar mutum. Ita ba a ganinta a kasuwa sai ranar da mai ita ya zo karɓa. Sai ka yi magana tun da wuri, ya nemi dogon zare daga matashiyar kuka, ya jiƙa, ya buga, ya shanya a inuwa, ya yi ta murzawa a cinyarsa kwana da kwanaki. Masu haƙar rijiya da masu amya da irinmu duk wurinsa muke zuwa, saboda magana ɗaya da kowa ya sani: ba a taɓa jin mutum ya faɗo daga igiyarsa ba. Da wannan magana yake ci yake sha, bai taɓa miƙa wa kowa hannu ba duk da rashin idonsa. Wannan sunan nasa ne na lalata, kuma labarin da zan bayar ke nan.

Shekarar da abin ya faru, zamanin Turawa ne, ana faɗaɗa hanyar da ta bi ta gefen garinmu don motocin gyaɗa. Akwai wani ƙaton maɗaci a bakin hanyar, reshensa ɗaya ya gitta ta daga wannan gefe zuwa wancan, duk motar da aka yi wa lodi mai tsawo sai ta doke shi. Malamin daji ya ce ba a yarda a sare maɗacin ba, reshen kawai za a cire. Helman leburori, wato shugabansu, ya aiko gidanmu. Yaya yana gona ana cirar gyaɗa, don haka ni na je.

Helman nan wani dogon mutum ne mai gajeren wando da hular sanko, ba ya magana sai ya duba agogon hannunsa. Ya ce Di'o, Baturen mulki, zai biyo ta hanyar ranar Litinin, yana son kafin nan reshen ya sauka. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce in ba za mu iya ba in faɗa masa tun yanzu, ya aika Katsina a kawo masu aiki na gaske. Wannan kalma ta "na gaske" ita ta hau mini kai. Ni dama Allah ya yi ni da saurin cika baki, in aka taɓa ni kaɗan sai in yi alkawarin abin da ban auna ba. Na ce masa ranar Asabar kafin rana ta take, reshen yana ƙasa, in ba haka ba ya canza mini suna. Leburori suka yi dariya, ni kuma na tafi ina jin kaina kamar na ci yaƙi.

Abin da ban gaya masa ba shi ne ba mu da igiya. Tsohuwar igiyar da muke hawa da ita ɓera ya ɓarnata ta da damina a cikin rumbu. Mun riga mun yi wa makahon magana kasuwa biyu da suka wuce, na ɗauka ya gama. Ranar kasuwa na fita bayan sallar asuba, na isa Batsari kafin azahar.

Na durƙusa a gabansa na yi sallama.

"Muryar wa nika ji? Ɗan mai hawa ne, ƙaramin?"

"Ni ne, Baba. An wuni lahiya?"

"Lahiya lau. Ya tsohuwarku? Ya yayanka? Ya maiɗakinka da 'yar jinjira?"

Sai da ya tambayi kowa har akuyar gidanmu, sannan na samu na ce na zo karɓar igiya.

"Ba ta ƙare ba, ɗana. Saura gaba huɗu. Zaren da nika so bai samu ba sai shekaranjiya, shina can shina shan inuwa. Ka dawo kasuwa mai zuwa."

Na ce, "Baba, ai sai a ƙarasa da wanda ke akwai. Aiki ne na gaggawa."

Ya juyo da fuskarsa wajena yana murmushi. "Da guntaye? Kai ko, yayanka za ka rataya ko buhun gero? Icce ba shi gudu. Ka ce wa mai aikin ya jira kwana bakwai."

Na tashi raina a ɓace. Na zaga kasuwa sau biyu ban ga abin da ake sayarwa ba, fuskar helma kawai nake gani da dariyar leburori. Ko sau ɗaya ban tuna da yayana ba a wannan zagayen, kuma wannan yana cikin abin da ya fi ba ni kunya yau. Akwai masu igiya a wani layi, na rama da na kaba, amma na san Yaya ba zai hau da igiyar da ba ta makahon ba. Tufkar tsohon daban take, ko daga nesa ana gane ta. Da na zo nan a tunani sai shaiɗan ya nuna mini hanya, ni kuwa na bi ta da gudu.

Na koma gindin tsamiya na ce, "Baba, tunda na zo, bari in tahi da ta guga. Tamu ta gida ta ruɓe."

"To, zaɓi."

Na tona tarin igiyoyin na ciro wadda ta fi kowace kauri da kyan gani. Sabuwa ce gar, tana ƙamshin ɓawo. Na miƙa masa ya shafa, don ba ya barin igiya ta bar gabansa bai ji ta a hannu ba.

"Wagga ta yi wa guga kauri. Ta ɗaurin kayan takarkari ce."

"Rijiyarmu na da zurhi, Baba."

Ya ci gaba da jan ta tsakanin yatsunsa. Sannan ya ce, "To. Amma ka ji ni da kyau, ta kaya ce. Kar kaurinta ya ruɗe ka, cikinta duk guntaye ne. In ta tsinke a rijiya, ƙugiya za ku nemo ku ciro guga, shi ke nan."

"Na ji, Baba."

Na yi wa makaho ƙarya ina kallon fuskarsa. Da mai ido ne da ya ga yadda nake ƙifta ido ina waige-waige, da ya kama ni. Na yi amfani da abin da Allah ya hana shi na cuce shi da shi. A hanyar komawa na yi ta lallashin kaina cewa igiya mai wannan kauri ko sa za ta ɗauka, tsofaffi dai sun cika tsoro, kuma aikin ba zai wuce na ɗan lokaci ba. Kafin in isa gida na kusa yarda da kaina.

Ranar Asabar da hantsi muka isa gindin maɗaci. Mutane sun taru fiye da yadda na zata, leburori da manoman da suka baro gona da masu wucewa, har mai gari ya zo aka shimfiɗa masa tabarma a nesa. Yaya ya tuɓe rigarsa yana wasa gatari. Mutum ne marar yawan magana, in zai hau itace kuwa sai ya ƙara yin shiru. Abin da ya tambaye ni kawai shi ne, "Tsohon ya gama ke nan?" Na ce ya gama.

Na ɗauki igiya na nufi wata 'yar ƙirya da ke gefe don in gwada. Na jefa ta kan reshe, na kama, na fara sakar mata nauyina. Ban kai ga ɗaga ƙafa ta biyu ba na ji wata 'yar ƙara a cikinta, siririya, irin ta zare in yana rabuwa da ɗan'uwansa. Ba wanda ya ji sai ni. A nan ne ya kamata in sake ta in juya in ce wa jama'a yau ba aiki. Da an yi mini dariya kwana biyu, da helma ya kira ni da duk sunan da ya ga dama, da an manta. Maimakon haka sai na naɗe ƙafar hagu, na bar babban yatsan ta dama a ƙasa cikin ciyawa inda ba mai gani. Na girgiza kafaɗuna sau uku kamar gaske. Rabin nauyina ma bai hau igiyar ba.

Na kawo ta na miƙa wa yayana na ce, "Na gwada."

Ya ɗaura ta a ƙugu, ya yi bismillah ya hau. Ya ratsa ta ta kan wani reshe da ke sama da wanda za a sare, ya jefo mini ɗaya bakin, na naɗa shi a jikin ƙiryar nan na riƙe. Ya fara sara ta ƙasan reshen kamar yadda ake yi don kada ya tsage ya ja ɓawon uwar itacen, sannan ya koma ta sama. Yaya gwani ne, ba a taɓa samun mai saransa a yankinmu ba, kowane bugu yana sauka inda na baya ya sauka. Duk wannan lokaci yana tsaye ne da ƙafafunsa, igiya ba ta ɗauki komai ba, har na fara cewa a raina to ga shi nan, za a gama lafiya.

Amma akwai abin da mai hawa ke yi in babban reshe zai tafi. Gindin reshen yakan yi harbi baya, itacen duka ya girgiza, don haka sai mai sara ya saki ƙafa ya yi lilo gefe, ya bar igiya ta ɗauke shi har abin ya lafa. Na san haka sarai, na ga ya yi sau ɗari. Reshen ya yi ƙara ya fara sunkuyawa, Yaya ya yi kiran da yake yi mini in riƙe da kyau, ya saki ƙafa.

Na ji nauyinsa ya zo hannuna, sai kuma na ji babu. Igiyar ta yi sakayau na faɗi zaune. Yaya ya bugi wani reshe a ƙasa, wannan ne ma ya rage masa ƙarfin faɗuwar, sannan ya iso ƙasa ta gefen dama. Ban ji ya yi ihu ba. Mutane ne suka yi ta salati.

A kan ƙyauren wani gida aka ɗauko shi. Ƙashin cinya ya karye, ƙugu ya goce. Aka aika ƙauyen Babban Duhu aka ɗauko maɗori. Muna tsakar gida ana riƙe da shi ana ja, Inna mahaifiyarmu tana ɗaki tana kuka, sai mai gari ya kira ni zaure, helma yana tsaye a gefensa. Mai gari ya ce, "Igiyar wa ce?"

Na ce, "Ta makahon Batsari ce."

Ban yi ƙarya ba a wannan kalma, kuma ban taɓa yin ƙaryar da ta kai ta muni ba. Mai gari ya girgiza kai ya ce, "Allah sarki, tsuhwa ta kama hannunshi." Helma ya ce dama shi bai ga dalilin da zai sa a ba makaho amanar ran mutum ba. Ni kuwa na sunkuyar da kai, suka ɗauka baƙin ciki ne ya hana ni magana, har mai gari yana ba ni haƙuri. Kafin kasuwa ta zagayo maganar ta riga ni isa Batsari. Di'o kuwa ya wuce ranar Litinin ɗin, an ce ko ɗaga kai bai yi ya dubi maɗacin ba.

Bayan kamar mako uku, wata ranar da la'asar, ina zaune a zaure kusa da Yaya ina yi masa fifita, sai na ji sallama. Na leƙa na ga jaki, makahon a kai, matarsa tana riƙe da linzami, ƙafafunta sun yi futu-futu. Tun safe suke tafe. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na kama tsohon na sauke shi.

Ya zauna kusa da shimfiɗar Yaya ya yi masa sannu, ya tambayi ɗori, ya tambayi barci da cin abinci. Inna ta fito ta tsaya daga bakin ƙofa suka gaisa. Sannan ya ce wa matarsa ta miƙo ƙunshin da ke kan jaki. Igiyar da muka yi magana ce, ya gama ta. Ya ajiye ta a gefen tabarma, ya ce, "In da wadda ta tsinke, a ba ni in ji."

Na jefar da ita bayan rumbu da niyyar in ƙone, ban samu zuciyar taɓa ta ba. Inna ce ta san inda take, ta je ta ɗauko. Ya karɓa ya fara ja tsakanin yatsunsa, a hankali, gaba bayan gaba, har ya iso inda ta rabu. Ya buɗe bakin ya shafa guntayen zaren ɗaya bayan ɗaya.

Ya ce, "Tawa ce."

Sai ya juyo da fuskarsa daidai inda nake zaune. Bai ce komai ba, ya dai tsaya haka. Na san abin da yake jira. Maganar tana nan a bakina, gajeriya ce, ba ta fi numfashi ɗaya ba. Na dubi Inna, na dubi ƙafar Yaya da aka ɗaure da karare, na dubi ƙasa. Na ci gaba da kaɗa mafici kamar shi ne aikin da ya fi komai muhimmanci a duniya.

Da ya gaji da jira sai ya juya wajen Yaya. Tsoho ne da ya girmi mahaifinmu, amma ya sauko daga kan buzunsa ya durƙusa ya lalubo hannun yayana ya riƙe. Ya ce, "Hannuna ya tuhka ta. Ka yahe mini, ɗana."

Yaya ya juya fuskarsa bango. Ya daɗe kafin ya ce, "Ba komi, Baba. Na yahe. Ƙaddara ce." Matar tsohon ta ja mayafinta ta rufe fuska.

Sun ƙi kwana, sun ce suna da 'yan'uwa a wani ƙauye a kan hanya. Na fita in ɗora shi kan jaki. Da na kama shi sai ya riƙe mini wuyan hannu, riƙo mai ƙarfi, yatsunsa kamar itace saboda tufka. Ya yi magana ƙasa-ƙasa yadda ko matarsa ba za ta ji ba.

"Na jira ka, ba ka ce komi ba. To ni ma ba ni cewa. Uwarku na da ɗa guda kwance, ba ni ƙara mata da na biyu."

Ya sake ni, matarsa ta ja jaki suka tafi. Ko Allah ya kiyaye hanya ban iya ce musu ba.

Yaya ya tashi bayan wata huɗu, ƙafar dama ta gajarce, yana tafiya yana jan ta. Hawa ya ƙare masa. Sai muka yi musanya, ni na koma sama shi ya koma ƙasa, da igiyar nan da tsohon ya kawo. Kowane aiki muka je sai Yaya ya jefa ta kan reshe ya rataya, ya naɗe ƙafafunsa duka biyu har da mai ciwon, fuskarsa tana murtukewa don zafi, ya girgiza sau uku, ya miƙo mini ya ce, "Na gwada." Sau da yawa na ce masa ya bari, igiyar ba ta da komai. Ba ya ko amsa mini. Shekara shida na hau da ita ba ta taɓa yin ko gezau ba, kuma ban taɓa ɗaura ta a ƙuguna ban ji kunya ba.

Shi kuwa tsohon, abin ya bi shi a hankali. Masu haƙar rijiya suka fara komawa wurin wani mai tufka a Safana. Masu amya suka bi su. Ba wanda ya zage shi, ba wanda ya kai shi ƙara, an dai daina zuwa. Har masu sayen igiyar jaki suka riƙa ja suna dubawa a gabansa suna cewa, "Baba, wagga dai ba ta kada mutum ko?" suna dariya. Na daina bi ta gindin tsamiyar, in na shiga kasuwa sai in zaga ta layin mahauta. Wata Juma'a, shekara ta huɗu ko ta biyar, na gan shi a ƙofar masallacin Batsari zaune cikin masu bara da ƙwarya a gabansa. Ya rame, rigarsa ta yi masa yawa. Na tsaya daga nesa na daɗe. Daga baya na sayi dunƙulen fura na je na sa masa a ƙwaryar, ban yi sallama ba, ban ce uffan ba, don kada ya gane muryata. Ya ce, "Allah shi saka da alheri, bawan Allah." Na tafi da wannan addu'a kamar an ɗora mini dutse.

Wani mai sayar da jakuna ne ya gaya mana rasuwarsa, a cikin hira, kamar abin da ba shi da muhimmanci. Kashegari da safe muna hanyar zuwa wani aiki, ni da Yaya, na ɗauko gatari shi yana rataye da igiya, sai na ji ba zan iya ƙara taku ɗaya ba. Na tsaya a tsakiyar hanya na gaya masa komai, cika bakin da na yi wa helma, da maganar guga, da yatsan da na bari a ƙasa. Ina magana ina kuka, ƙato da ni.

Ya saurare ni har na gama. Ya nemi kututture ya zauna ya miƙe ƙafar.

"Shekara nawa ina ɗaura igiyar tsohon nan a ƙuguna? Kana jin ban san bambancin ta kaya da ta mutum ba? Tun da na ɗaura ta na ji. Amma ka ce ka gwada a gaban mai gari da jama'a. In na kwance ta, na ce ƙanena maƙaryaci ne a bainar mutane. Sai na ce ƙila hannuna ne ya ruɗe."

Na ce, "Yaya, ka yahe mini ƙahwarka."

"Ƙahwa tawa ce, na yahe tun ina kwance. Ba ita ba ce." Ya juya yana kallon gona. "Ranar da tsohon nan ya durƙusa ya kama hannuna, na san ba shi da laihi. Na jira ka buɗe baki. Da ka ƙi, ga Inna tsaye, sai na ce mishi na yahe. Na yahe wa mutum laihin da bai yi ba, a gaban matarshi, na bar shi ya tahi da shi. Ni ma shekara shida ina iya magana ban yi ba, don kai. Wannan kai ka ja mini, kuma shi ne har yau na kasa yahe maka."

Ban taɓa jin ya yi magana mai tsawon wannan ba, kuma bai sake tayar da ita ba har ya bar duniya. Ranar ba mu je aikin ba.

Da kasuwa ta zagayo na tafi Batsari da niyyar in nemi matar tsohon in durƙusa a gabanta. Aka ce danginta sun zo sun tafi da ita wajen Zamfara, ba wanda ya san garin. Na je gindin tsamiya na tarar wani mai gishiri ya kafa rumfa a wurin, wasu dattawa biyu suna zaune suna hira da shi. Na gaishe su na ce ina da magana a kan makahon da ke tufka a nan da. Na ba su labarin daga farko har ƙarshe, ban rage komai ba, na ɗaga murya yadda na kusa za su ji. Na ce igiyar kaya ya sayar mini, ya kuma gargaɗe ni, laifin nawa ne ni kaɗai. Suka saurara, suka ce Allah ya kyauta, Allah ya jiƙansa, ɗayansu ma ya ce ai abin da ya wuce ya wuce. Mai gishiri ya koma awonsa.

Ina juyawa zan tafi wani ya iso yana tambayar su me ake cewa. Na ji dattijon yana amsa masa, "Zancen makahon nan ne, wanda igiyarshi ta kada mutum."